Ranar da Injiniya Ya Gyara Katangar Mutanen Da

Mijin yayata magini ne, amma in kana son ganin ɓacin ransa, ka kira shi magini. Injiniya yake so a ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta masa a bayan riga, ya sayi hular kwano ruwan ɗorawa da ba ya rabuwa da ita ko wurin aski za shi. 'Yan unguwa kuwa sun san abin da suka sani. Duk mai son gini na gaske daga wata unguwa yake ɗauko magini, shi Injiniya sai dai a kira shi toshe ramin ɓera ko gyaran dakali.

Ana nan sai Kawu, wan mahaifiyarmu, ya yi ritaya, ya sayi fili, ya ce zai gina gidan da zai ƙarasa rayuwarsa a ciki, kuma da dutse yake son a yi masa harsashi da katanga. Yaya ta yi ta zarya gidansa har takalminta ya suɗe. A gaban dangi ta dafa ƙirji ta ce mijinta ya iya aiki, hassada ce kawai ake yi masa, in ya ɓata ginin ita za a kama. Kawu ya dube ta ya ce to, ya ji, su zo ranar Asabar a tsayar da magana.

An gama ke nan. Abin da ya rage wa Injiniya shi ne ya je ya durƙusa, ya ce na gode, ya ja bakinsa ya yi shiru. To, shirun ne Allah bai hore masa ba.

Muna zaune a tsakar gida ina taya Yaya wanke-wanke ya shigo yana gyara zaman hularsa.

Ya ce, "Magana a falo ba ta nuna gwani. Ba dutse Kawu yake so ba? To gidan dutse zan kai shi. Kan tsaunin can, inda kufan mutanen da yake. A can zan nuna masa kurakuran da magina suke tafkawa tun zamanin kakanni, ya san irin mutumin da ya ɗauka."

Yaya ta saki kwanon da ke hannunta. "Baban yara, don Allah ka rufa mini asiri. Mutumin nan fa ya riga ya yarda."

"Yardar tausayi ya yi. Ni yardar gani da ido nake so."

Na ce, "Wai ka ma taɓa hawan tsaunin?"

Ya dube ni sheƙeƙe. "Auta, lokacin da nake hawan tsaunin nan ko rarrafe ba ki fara ba. Ido rufe zan kai ku in dawo da ku."

Ni kuwa na san inda ya san tsaunin. A jikin kalandar shagon mai aski yake, kuma ko ita ƙuda sun gama da rabinta.

Kafin magariba duk layinmu ya ji labari, domin sai da ya bi shago shago yana shela. Direban akori-kura na maƙwabtanmu ya yarda zai kai mu. Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan, ba wanda ya gayyace shi, amma ya ce ko a kan taya ne sai ya je, wannan ba abin da mutum zai yarda a ba shi labari ba ne. Kawu ma da aka gaya masa ya yi murna, ya ce da ma ya daɗe yana son ganin wurin.

Ranar Asabar da sassafe Yaya ta haɗa kular abinci da babbar jarkar ruwa. Injiniya ya fito da nasa kayan: kwanon gini, cokali, guduma, igiyar awo, katakon nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da ake duba miƙewar bango da shi, da ragowar buhun siminti.

Tela ya ce, "Yawon buɗe ido za mu, ko kwangila aka ba ka a can?"

"Likita yana fita ba allura?"

"Ai ban taɓa ganin likita ya je biki da gadon asibiti ba."

Kawu ya iso cikin farar babbar riga sabuwa fil, da 'yar gorar ruwansa a hannu saboda maganin da yake sha da rana. Aka sa shi gaba, mu muka hau baya.

Mun fara hawa ke nan, hanya ta miƙe sama, mota ta soma nishi. Can sai tururi ya turnuƙe gabanta. Direba ya tsaya, ya sa dutse a bayan taya, ya leƙo ya ce a miƙo masa jarka.

Kowa ya dubi na kusa da shi.

Yaya ta ce, "Da hannuna na sa ta a nan."

Injiniya ya yi gyaran murya. "Na sauke ta. Ta tsare wa siminti wuri."

Direba ya riƙe kai. "Ka sauke ruwa ka ɗora siminti? To zo ka zuba mata shi ta sha!"

"Kai matsalarka ba ka san aikinka ba. Motar kirki iska ke sanyaya ta."

"Bakinka ai ya isa ya sanyaya jirgin ƙasa. Zo ka hura!"

Haka muka bar direba yana jiran mota ta huce, muka kama hawa da ƙafa. Injiniya ya zuba kayansa a kwanon gini, ya ɗora a kan hular kwano, ya shige gaba. Kafin mu kai sama gumi ya haɗu da garin siminti, fuskarsa ta koma toka-toka, idanu kawai ke motsi.

Gaskiya wurin ya ba ni mamaki. Kana gama hawa sai ƙasa ta shimfiɗe fetal, ciyawa gajeriya, iska mai sanyi tana kaɗawa ba abin da ya tare ta. Ga duwatsu nan tsaye kowanne da siffarsa. Wani ƙato ya zauna a kan ɗan ƙarami, kai ka ce in ka yi tari zai gangaro. Wani mai siririn ƙugu da faffaɗan kai, wani an huda shi tsakiya har kana hango sama ta ciki. Kawu sai tasbihi yake yi. Injiniya kuwa sai tsaki.

Ya nuna ƙaton da ke kan ƙaramin ya ce, "Ka gani, Kawu? Harsashi ya yi wa gini kaɗan. Da ni ne, ba zan karɓi wannan aikin ba."

Kawu ya ce, "Ai wannan aikin Ubangiji ne."

Ya yi wuf ya ce, "Shi ya sa na ƙyale."

Hanyar da ke kai mutum kufan ba ta da allo ko kibiya. Masu zuwa ne suke ɗora ƙananan duwatsu a kan juna, tsibi nan, tsibi can, in ka tsaya a ɗaya za ka hango na gaba. Ko ni da ban taɓa zuwa ba na gane. Injiniya na ganin na farko ya sa ƙafa ya watsa shi.

"Wane lebura ne ya yi wannan? Ba layi, ba kusurwa!"

Tela ya ce, "Kai, alamar hanya ce!"

"Alamar rashin horo dai."

Kafin mu hana shi ya ruga gaba, ya bi duk waɗanda ido ke iya gani ya kwashe, ya tara su wuri guda, ya jera su murabba'i tsaf, ya ja da baya yana jiran yabo. Da muka ɗaga kai, ba sauran alama ko ɗaya, duwatsu kuma ta ko'ina iri ɗaya.

Ya ce kada mu damu, ya san yanke. Muka bi shi. Muka wuce wani dutse mai kama da tukunya a kife. Muka yi ta tafiya har rana ta ɗaga, sai ga mu a gindin dutse mai kama da tukunya a kife.

Na ce, "Ba nan muka wuce ɗazu ba?"

"Ɗan'uwansa ne. Haka suke zuwa bibbiyu."

Tela ya sunkuya ya ɗago wani abu. "To ɗan'uwan nasa ma ayaba yake ci? Ga ɓawon da na yar."

Yaya ba ta yi dariya ba. Kawu take satar kallo, shi kuma ya fara ɗingishi. Tausayinta ya kama ni, don na san abin da take lissafawa a ranta.

Daga nan Injiniya ya hango wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, ya ce yauwa, ga ƙofar da yake bi tun yana saurayi. Ya tura kwanon gaba, ya kutsa kai. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya yi gaba ya kasa, ya yi baya ya kasa. Sai ƙafafu muke gani suna harbin iska.

Muryarsa ta fito daga ciki, "Dutsen ne ya motsa! Da ba haka faɗinsa yake ba!"

Tela ya kama ƙafa ɗaya, na kama ɗaya, muka ja. Ya fito da ƙara, wandonsa kuma ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa. Ya cire rigar nan mai rubutu ya ɗaura a ƙugu, sai ga kalmar Injiniya ta sauka daidai mazaunansa.

Tela ya ce, "Yau dai suna ya zauna inda ya dace."

Hayaniyar 'yan makaranta ce ta cece mu. Muka bi sautin har muka ɓulla kufan, muka tarar da malamarsu ta kawo su ziyara.

Tsofaffin katangu ne na dutse zalla, wasu sun kai kafaɗa, wasu sun fi mutum tsawo. Ɗakuna zagayayyu ba rufi, ƙofofi gajeru da dogon dutse a gicciye a samansu, lunguna ƙanana da ciyawa ta cinye. A bakin shiga akwai mai gadi, dattijo mai sanda, ya ce mana a kalla da ido, ban da hannu, sannan ya tafi korar wasu awaki da suka shigo ta baya.

Kawu ya manta da ciwon ƙafa. Ya tsaya gaban wata doguwar katanga ya yi ta kallo, ya ce, "Ikon Allah! Ba siminti, ba laka, dutse a kan dutse kawai, kuma ga ta tsaye bayan masu ita sun zama ƙasa. Wannan shi ne gini. Allah ya jiƙan hannun da ya yi wannan."

Na dubi Injiniya na ga fuskarsa ta canja. Wallahi kishi ne, kishi da mutanen da ko ƙasusuwansu ba a san inda suke ba.

Ya dire kwano, ya zaro katakon awonsa, ya manna a jikin katangar. Ɗigon ruwan ya gudu gefe. Ya yi wata irin dariya.

"Kawu, matso ka gani. Karkatacciya ce! Dubi yadda ta kwanta ciki, ƙasa faɗi, sama tsuke. Da a wurina yaro ya yi wannan, ko kuɗin mota ba zan ba shi ba."

'Yan makaranta suka ga mutum da hular kwano da kayan awo, suka zaci hukuma ce ta turo masani. Suka kewaye shi. Malamar ma ta matso da ladabi ta ce ko zai ɗan yi wa yara bayani. Nan Yaya ta runtse ido, don ta san an zuba wa wuta fetur.

Ya gyara ɗaurin rigar ƙugunsa ya ce, "Yara, ku buɗe kunne. Kun ga ƙananan duwatsun nan da aka cusa a tsakanin manya? Wannan shi ake kira ha'inci. Magini ya kasa daidaita dutse, sai ya cusa tsakuwa ya rufe kunyarsa. Yanzu zan nuna muku yadda ake aikin zamani."

Yaya ta ce a hankali, "Baban yara, an ce ban da hannu."

"Wannan dokar ta 'yan kallo ce."

Ya zazzage siminti a kwano, ya kwashi ƙasa ya zuba, ya waiwaya neman ruwa. Gorar Kawu na ajiye a kan wani dutse. Kafin wani ya ankara ya tuttule ta duka, ya hau kwaɓi.

Kawu ya ce, "Ruwan maganina ke nan fa."

"Kawu, abin da za ka gani yanzu ya fi magani."

Ya sa yatsa ya zaro tsakuwa ɗaya daga jikin katangar, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya jefar. Ya zaro ta biyu. Wadda ta ƙi fita ya sa mata guduma. Yara suna ta ɗaukarsa a waya, shi kuma sai ƙara murya yake yi. Ya bi layin ƙasa yana zarewa har ya tara tsibi a gabansa, ya ce sai an share ɓarna kafin a zuba gyara.

Sai muka ji wani ɗan sauti, ƙas.

Tela ya ja da baya. "Injiniya, katangar nan magana take yi."

"Numfashi take yi. An sauke mata nauyi."

Ƙura ta zubo daga sama, siririya. Malamar ta fara jan yaranta baya. Yaya ta ce, "Don girman Allah ka bari haka nan!"

"Mata da tsoro! Kawu, dubi nan. Ko giwa ce ta jingina..."

Ya ɗaga tafin hannu ya daka wa katangar duka.

Dutsen da ke daidai gwiwarsa ne ya fara turo baki waje, a hankali, kamar mai leƙen wanda ya yi sallama. Na samansa ya biyo shi. Daga nan ban san me ya bi me ba, sai rugugi da ƙura da ihun yara. Abin da na gani da idona shi ne Injiniya ya yi kururuwa, ya bangaje Kawu, ya yi tsalle ya laɓe a bayan Yaya ya riƙe mayafinta. Kawu ya yi taga-taga, ya tafi da baya, ya zauna daɓas a cikin kwanon siminti.

Da ƙura ta lafa aka ƙirga yara, ba wanda ya ji ciwo. Katangar kuwa tsakiyarta ta zama tarin duwatsu, kana hango awakin mai gadi ta ɓarakar. Kular abincinmu tana ƙarƙashi.

Mai gadi ya iso da gudu, ya tsaya, sanda ta faɗi daga hannunsa. Sai da ya yi salati ya sake salati kafin magana ta fito.

"Wa ya yi? Wa ya yi wannan? Ruwa bai kayar da ita ba, iska ba ta kayar da ita ba, sai yau? Me zan ce wa masu wurin?"

Yara duka suka nuna bayan Yaya.

Injiniya ya leƙo, ya ga ba abin da ke faɗowa kuma, ya fito yana kakkaɓe jiki. In ka zaci kunya ta kama shi, ba ka san shi ba.

Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Da ma ta gaji, asirinta kawai na tona. Gara da ta faɗi a hannun ƙwararre. Ku ba ni zuwa la'asar, in mayar muku da ita ta fi da kyau."

Ya sunkuya zai ɗauki dutse. Mai gadi, da malama, da yara, da Tela, da ni, har da Kawu daga cikin kwano, baki ɗaya muka ce, "A'a!" Duwatsun wurin ma sai da suka amsa.

Mai gadi ya tasa ƙeyar Injiniya zuwa ofishin masu kula da wurin. Kawu ne, da siminti shafe a bayan sabuwar rigarsa, ya yi ta ba da haƙuri yana haɗa su da Allah, har suka yarda su sake shi a kan zai dawo ya amsa tambayoyi. A hanyar komawa Kawu bai zauna gaba ba. Rigar ta sandare, don haka a tsaye ya yi tafiyar a bayan mota, ya riƙe ƙarfe.

Labari ya riga mu isa gida, domin hoton ya gama zagaya wayoyin unguwa. Muna shan kwanar layinmu muka tarar da mutane cike a bakin titi. Injiniya na saukowa mai kanti ya fito da gudu ya baje hannuwa a gaban bangon shagonsa.

"Wuce, don Allah wuce! Kada ka jingina!"

Mai aski ya ɗaga murya daga ƙofarsa, "Injiniya, an ce katangar ta jira ka tun zamanin kakanni!"

Wata tsohuwa ta ce a kori yara daga gindin bango tukuna har ya shige.

Kawu ya sa aka kama shi ya sauko daga motar. Ya tsaya a ƙofar gidan, rigarsa tana ƙara in ya motsa, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ya ce, "Na yi wa 'yata alkawari zan ba mijinta aiki, kuma ni ba na saɓa alkawari."

Injiniya ya dube ni ya ɗaga gira.

"A filina akwai wani tsohon banɗaki na kankare. Duk wanda na kira ya ce sai an kawo katafila. Kai kuwa na ga da yatsa biyu kake yi. Gobe ka je ka rushe mini shi. Kana gamawa ka fita daga filin kafin magini ya iso."

Layin ya kece da dariya, Tela har da zama a ƙasa. Yaya ta durƙusa ta ce, "Mun gode, Kawu," ta tashi ta shige gida. Na bi ta.

Muna jin Injiniya a waje yana cewa, "Kun dai ji da kunnenku! Aikin da ya gagari katafila ni aka kira!"

Na sami Yaya a tsakar gida tsaye. Na zaci kuka za ta yi, har na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ba kuka take yi ba. Ɗakin yaranta take kallo, tun daga ƙasa har sama, ta sake bi daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Auta, zo ki kama mini mu fito da katifun yaran nan waje."

Na ce, "Yaya, ai akwai sauro."

"Na sani. Shi ya gina ɗakin."